Muryar Aro

Shafi na 19

Masu cewa na daɗe ban saki shafi ba, na ji ku. Aiki ne ya riƙe ni, ba yanga ba. Ga shi nan.

Matar ko ƙofa ba ta ƙwanƙwasa ba. Ta sauko ɗakin ƙasan nan inda Tord da Conny ke ɗaukar sauti, rigar ruwanta na ɗiga, ta jefa kaset a kan tebur kamar mai yar da mushen ɓera.

Tord ya san kaset ɗin. Nasu ne, na huɗu, wanda ya fito farkon kaka. Babu gidan man da za ka shiga a birnin Göteborg ka rasa shi kusa da alawa. Hotonsa ne a jiki, ya kara waya a kunne, ya zare ido kamar wanda ya ga fatalwa.

"Wane ne mai muryar a cikinku?"

Conny, mai kula da na'ura, ya gyara garin tabar da ke ƙarƙashin leɓensa.

"In sa hannu kike so, madam, akwai layi. In ƙara za ki kai, layin ya fi tsawo."

"Ba da kai nake ba, mai tumbi. Ka yi magana na ji. Ba kai ba ne."

Tord ya miƙe tsaye.

"Ni ne."

"Haka ka ce mata ita ma," in ji matar. "Sunana Gunnel. Signe uwata ce."

Conny ya kashe na'ura ba tare da an sa shi ba.

Sana'ar Tord ba wuya gare ta ba, rashin kunya kawai take so. Tun da aka rufe ma'aikatar jiragen ruwa ya ajiye walda, da wannan sana'ar yake ci. Ka buga lambar wanda ba ka sani ba. In ya ɗauka, kada ka faɗi suna. Ka ce "ni ne", ka ja bakinka ka yi shiru. Ɗan adam ba ya jure shiru, shi zai raɗa maka suna da bakinsa. Wani ya ce mai gyaran famfo ne, wani ya ce surukinsa ne. Duk rigar da ya miƙo sai ka saka, ka yi ta wana shi har ya fara ashar, Conny na ɗauka. In an gama a sake bugawa a ce wasa ne, a nemi izini, a sa a kaset, direbobin manyan motoci su saya su sha dariya a hanya.

Hunturun bara ya buga wata lamba ta can tsibiran gefen Göteborg. Tsohuwa ta ɗauka, ta karanto lambar gidanta irin yadda mutanen da suke yi. Ya ce ni ne. Ta yi shiru har ya ɗauka layin ya yanke. Can sai ta ce:

"Helge? Helge, kai ne? Ka ci abinci?"

Signe ke nan. Helge kuwa ɗanta ne da ya bi jirgin ruwa shekara ashirin da wani abu, ko gaisuwa bai taɓa aikowa ba.

Tord ya so ya yi wasan, ya kasa. Ya so ya ce mata wasa ne, nan ma ya kasa. Da ta tambaye shi yaushe zai sake bugowa, bakinsa ya riga shi ya ce Alhamis. Tun daga nan, kowace Alhamis yana rumfar wayar bakin tashar jirage, don ta riƙa jin kukan tsuntsayen teku, shi ne Helge. Conny kuwa ya ɗauki sautin wayar farkon nan ya cusa a kaset a bayan idonsa, ba izini ba komai. Sun ba hamata iska a kan haka, giɓin da ke bakin Conny shaida ne, amma kaset ya riga ya fita. Yanzu yara a tarago, ƙatti a gidan giya, kowa in ya ga abokinsa sai ya ƙanƙance murya ya ce, Helge, ka ci abinci?

"A tasi na ji," in ji Gunnel. "Direban na dariya har da dukan sitiyari. Ya ce min, saurari wannan tsohuwar, ita ta fi kashe ni. Uwata fa."

"Ba ni na sa ta a..."

"Ban tambaye ka ba."

"Ai ba mu faɗi sunanta ba," in ji Conny. "Kuma na rantse mutane son ta suke yi, ba..."

"Ka ƙara kalma ɗaya in cire maka ɗayan haƙorin," in ji Tord.

Gunnel ta juya ta nufi matakala.

"Ɗauko rigarka. Asibiti za mu."

Tord ya fizgi rigarsa.

"Signe ce?"

Ta waiwayo ta ƙare masa kallo daga sama har ƙasa.

"Ji shi. Har da rawar murya. A'a, Helge ne. Na gasken. Ya dawo."

* * *

Ita ke tuƙi, ruwa na dukan gilashi, ba ta dube shi ba ko sau ɗaya.

"Daga jirgi aka sauko da shi. Ciwon daji ne a maƙogwaro. Gobe da safe za su yanke su cire. Zai tashi ko ba zai tashi ba, likita bai yi alkawari ba. Amma magana kam ya gama. Yau ce ranar ƙarshe da yake da murya."

"To ki je ki ɗauko ta mana."

"Kai da kuke hira duk mako, ba ka san zuciyarta ba za ta ɗauki jirgin fito ba? Ba ka san idon ya tafi ba?"

Ya sani. Ita ta gaya masa, tana dariya, ta ce yanzu ko ya dawo da sanƙo ba za ta gani ba.

"Ko na kawo ta me za ta gani? Kunne kaɗai ya rage mata, kai kuma ka shiga ciki ka miƙe ƙafa."

"Ya buga mata?"

"Shekaranjiya. Ya ce, Mama, Helge ne, ɗanki. Ka san abin da ta ce? Ta ce ɗana ba ya faɗin sunansa, 'ni ne' yake cewa. Kuma muryarsa ba ta zarto ba ce. Ta ce ku ne 'yan iskan nan masu buga wa mutane waya don a yi dariya, ka ji kunya, tsohuwa ma ba ku bari ba. Ta ajiye."

Tord ya kalli titi. 

"Na tsallaka da kaina na gaya mata. Ta ce Helge na Santos, can ƙetaren teku, jirginsu na lodin kofi, duk Alhamis yana bugo mata. Ta ce ni ce dai tun muna yara ba na son a so shi."

"Me kike so in yi?"

"Yau Alhamis. Na san tun safe tana gaban waya, ta sha miyar wakenta da wuri don kada ka same ta da cokali a hannu. Ka buga ka ce mata kai maƙaryaci ne."

"In na ce haka biyu za ta rasa. Ni ta rasa, shi ma ba za ta sake yarda da wata murya ba har a binne ta."

Gunnel ta taka birki a gaban asibiti, motar ta girgiza.

"To sarkin wayo, kawo wata dabarar. Ai da ita kake ci."

* * *

Helge dogo ne, ciwo ya cinye shi har zanen da ke damtsensa ya yamushe. Kwanon miya na gefen gado ya huce, ba a taɓa ba. Ya kalli Tord ya daɗe, sannan ya buɗe baki. Muryar kamar ana jan ƙarfe a kan siminti.

"Wannan ne ni?"

"Shi ne," in ji Gunnel.

"Na ɗauka na fi haka kyau."

"A waya ka fi," in ji Tord.

Helge ya so dariya, tari ya tare shi. Da ya lafa ya nuna kujera da haɓa.

"Zauna, Helge. Ba ni labarina. Ina nake yanzu?"

"Santos."

"Na taɓa zuwa. Wari. Kai ka taɓa?"

"Ban taɓa wuce Denmark ba. Shi ma giya muka je saye."

"Ina da mata?"

"A'a. Tana ta matsa min. Akwai wata bazawara a tsibirin da ta ajiye maka, mai kajin nan."

"Na daina sha?"

"Tun bazara."

"Madalla da ni." Ya lumshe ido. "Ashe ɗa nagari ne ni, ban sani ba."

Gunnel ta juya baya tana gyara labulen da ba abin da ya same shi.

"Me take gaya maka?" in ji Helge. Wasan ya fita daga muryar.

"Komai. Kyanwarta. Gwiwarta. Wanda ya mutu, wanda ya sayar da kwalekwale. Ranar da ka faɗa ruwa kana kamun kaguwa ta tsamo ka da sandar shanya."

"Da sandar share dusar ƙanƙara ce."

"Ita ta ce ta shanya."

"To ta shanya ce." Ya haɗiyi yawu da ƙyar, fuskarsa ta tattare. "Na so in shaƙe ka da Gunnel ta gaya min. Na kwanta ina tunanin ta inda zan kama. Sai na ce, kai Helge, kujerar nan a buɗe ka bar ta. Wani ya zo ya zauna, laifin wa?"

"Laifina ne."

"Na sani. Faɗa kawai nake yi don in ji daɗi."

Nas ta leƙo, ta ce kada a sa shi doguwar magana. Gunnel ta ce a kawo musu waya. Da nas ta fita Helge ya ɗaga yatsu biyu.

"Karo na biyu ke nan."

"Na me?"

"Da ba ta gane ni ba. Shekarar da na tafi, bayan rigimata da Baba, hunturu ya kama ni a tashar jiragen Rotterdam, can ƙasar waje. Ba jirgi, ba ɗaki, takalmina ya huje. Na ce bari in sauke kai in koma gida. Na buga. Ita ta ɗauka. Na ce, Mama. Ta ce kuskuren lamba ne. Ta ajiye." Ya tsaya ya ja numfashi. "Ko shekara ban yi ba, ta manta muryata. Na ce shi ke nan. Wanda uwarsa ba ta gane muryarsa ba, gidan wa zai koma?"

"Ba ka taɓa gaya min ba," in ji Gunnel.

"Ba ki taɓa tambaya ba."

"Ai layin ƙasar waje a lokacin shirme ne. Ko ihu kake ba a ji."

"Haka nake gaya wa kaina. Layi ne."

Tord ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

Ba layi ba ne, kuma duk duniya shi kaɗai ya sani. Alhamis da ta wuce Signe ta gaya masa. Ta ce tun kalmar farko ta gane shi. Mijinta na tsaye a bayanta, mutumin da ya rantse duk ranar da ta yi magana da yaron nan ta kwashe kayanta ta bi shi. Tsoro ya kama ta, ta ce kuskuren lamba ne. Ta ce tun daga ranar duk ƙarar wayar da ta ji sai ta ɗauka shi ne. Sannan ta ce, ka yafe min?

Tord ya ari murya, ya ari suna, ya ari jirgi da teku. Wannan kam ya ga ba abin ara ba ne. Ya ce mata ana kiransu aiki, zai ba ta amsa wata Alhamis, ya ajiye waya ya daɗe tsaye a rumfar.

Yanzu ya ɗago ya kalli Helge. Mutum ya dogara da "layi ne" kamar gurgu da sanda, gobe kuma wuƙa na jiransa. Tord ya ce a ransa, tsohuwa ce, ta yiwu ta manta. Ya haɗiye maganar.

Nas ta turo waya a kan ɗan teburi mai taya, ta fita.

"Saurara," in ji Tord. "Mutum ba murya yake ji ba, abin da yake jira yake ji. Ni zan fara, in yi maka shimfiɗa. Zan ce mata maƙogwaro ne, muryar na zuwa tana tafiya. Sai in kama tari. Kai ma ka kama. A cikin tarin zan miƙa maka."

"Tari kam ina da shi, ba sai na ara ba."

"Kada ka faɗi sunanka. Kada ka yi bayani. Mai gaskiya ba ya bayani. Ka bar ta ta yi magana, ita za ta cike sauran."

"Ƙarya dai za a sake yi mata," in ji Gunnel.

"Ta ƙarshe."

Ya juya lambar da ka. Ya karkata kan wayar yadda duk za su ji. Ko gama ƙara ta farko ba ta yi ba aka ɗauka, siririyar murya ta karanto lambar gida.

"Ni ne," in ji Tord.

Helge ya rufe ido.

"Ka makara. Na ce ko jirgin ya tashi da kai. Tsaya. Ban ji tsuntsaye ba. Ina kake?"

"Na dawo gida, Mama. Ina Göteborg. A asibiti."



"Gunnel ta faɗa. Na ce mata ƙarya take."

"Ba ƙarya take ba. Maƙogwaro ne. Gobe za su yi aiki. Muryar sai ta zo ta tafi. Shekaranjiya ma ai ni na bugo, kika wanke ni tas."

"Kai ne? Wayyo ni. Zarton nan?"

"Ni ne zarton."

Ta yi wani sauti, rabi dariya rabi kuka.

"Na ce maka ɗan iska."

"Ba yau kika fara ba."

"Rufe min baki. Suna ba ka abin kirki a can? Gunnel na nan? Ka ce mata ta kawo maka safa mai kauri, asibiti ƙasa sanyi."

"Tana ji. Mama, ga muryar nan tana sake tafiya, ina jin ta. In kin ji na koma zarto, kada ki ajiye."

"Ba zan ajiye ba. Ko kare na ji yana haushi ba zan ajiye ba."

Tord ya fara tari. Ya ja shi, ya kaurara shi, ya ɗaga wa Helge gira. Helge ya kama, nasa na gaske, mai fitowa daga ƙasan ƙirji. Kan wayar ya bar hannu ɗaya ya shiga ɗaya.

Tarin ya lafa. Helge ya riƙe wayar da hannu biyu.

"Mama."



"Na ji ka, ɗana," in ji Signe. "Na ji ka. Kai, ashe haka ciwon ya yi maka. Yanzu da na saurara ma, ai muryar kakanka ce sak, lokacin da ya tsufa."

Gunnel ta toshe baki da hannu, ta zauna a bakin gado. Hawaye ya gangaro wa Helge ya shiga kunne, bai share ba.

Tord ya ɗauki rigarsa. Aikinsa ya ƙare. Ya yi mamakin yadda ƙirjinsa ya yi masa fayau, kamar ɗakin da aka kwashe kaya. Alhamis mai zuwa ba shi da wurin zuwa. Ya kama hannun ƙofa.

"Kada ka yi magana da yawa," muryar ta ci gaba daga cikin wayar, ƙarama amma tar. "Tun da kaɗan ta rage maka, kada ka ɓata ta a kaina. Kalma ɗaya nake so. Abin da na gaya maka Alhamis da ta wuce, ka ce za ka ba ni amsa. Ban yi barcin kirki ba tun ranar. Ka yafe min?"

Hannun Tord ya daskare a jikin ƙofa.

Helge ya rufe bakin wayar da tafinsa.

"Me zan yafe?"

"Ka ce e kawai," in ji Tord.

"Me ta gaya maka?"

"Helge, ka ce e, gobe in ka tashi..."

"Gobe ba ni da bakin tambaya." Ya ɗago daga matashi, jijiyoyin wuyansa sun miƙe. "Ka sauka daga kujerar nan, yanzu ni ne a kai. Ni aka tambaya. Me ta gaya maka?"

Gunnel ta kalli wannan ta kalli wancan.

"Wace magana ce? Kai, da kai ake!"

Tord ya saki ƙofar. Shekara da shekaru yana cin abinci da baki, yau ya nemi ƙarya ɗaya tak ya rasa.

"Ba layi ba ne," ya ce. "A Rotterdam. Ta gane ka tun kalmar farko. Babanku na tsaye a bayanta."

 Fuskar Helge ba ta motsa ba. A hankali ya janye tafinsa daga bakin wayar, ya miƙa hannun zuwa kan teburi, ya ɗora yatsa a kan maɓallin da ke yanke layi.

"Helge?" in ji tsohuwar. "Ban ajiye ba. Kana nan?"

Yatsan na kan maɓallin. Bai danna ba, bai ɗauke ba.